Kek ɗin danfo: yadda na yi wa autana na cikar shekara 5, tun daga kwaɓi har yanka

Assalamu alaikum matan gida. Tun ranar da na yi wa autana kek ɗin cikarsa shekara 5 nake shan tambaya, wai a ina na saya, nawa aka yi min, wata ma sai da na rantse mata kafin ta yarda a kicin ɗina na Agege aka yi shi, kicin ɗin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Toh bari na zauna na rubuta sau ɗaya kowa ta huta, ni ma bakina ya huta.

Yaron nan ba shi da wasan da ya wuce na kwandasta. Zai maƙale a ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya a waje, yana ihu "Oshodi! Oshodi!" yayyensa suna biyan kuɗin mota da ganye. Da na ce masa wane irin kek kake so, na ɗauka zai ce ƙwallo ko jirgin sama, buɗar bakinsa sai cewa ya yi danfo, wato motar hayar nan ta Legas. Babansu ya yi ta dariya, ya ce ai kin haifi ɗan Legas sai haƙuri. Da farko raina bai so ba gaskiya, amma da na tsaya a bakin titi na ƙare wa motar kallo sai na ga ashe sauƙi Allah ya kawo min. Danfo fa burodin Agege ce aka sa wa taya. Doguwa, mai kusurwa huɗu, kala biyu kacal, ruwan ɗorawa da baƙin layi, kuma in gefe ya ɗan lotsa ko fenti bai kwanta ba babu mai cewa kin yi kuskure, don ni dai tun da na zo garin nan ban taɓa ganin danfon da ba ta lotsa ba. Wadda ba ta taɓa yi wa kek ado ba da irin wannan ya kamata ta fara, ta bar 'yar tsana mai riga da gidan sarki mai hawa uku sai hannunta ya faɗa.

Na san akwai masu cewa bikin zagayowar haihuwa ba namu ba ne, ni ba malama ba ce, ba zan shiga wannan ba. Kek ɗin dai kek ne, in walimar sauka ce ko yaro ya ci jarabawa ko kawai kina so ki faranta masa, duk zai yi.

Kafin ki taɓa fulawa

Iskar Legas a jiƙe take, ko ba a ruwan sama. A Kano lokacin hunturu fondan, wato kwaɓin sugan nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, bushewa yake yana tsagewa, a nan kuwa zufa yake yi yana danƙo, bota-kirim kuma, wato bota da suga da ake bugawa a shafa wa kek, in kin bar shi minti kaɗan a kicin mai zafi sai ki ga ya fara sheƙi yana zamewa. Ga wuta da ba ta da alƙawari. Shi ya sa duk wadda ta ce za ta kwaɓa, ta gasa, ta yi ado a rana ɗaya, ranar taron ma kuwa, toh ta shirya kuka. Ni haka ya faru da ni a kek ɗin babbar 'yata shekarun baya, na shafa kirim a kan kek mai ɗumi da azahar kuma an ɗauke wuta, kafin baƙi su zo furannin da na yi sun gangaro sun taru a faranti kamar kunu.

Raba aikin kwana uku. In taron Asabar ne bayan la'asar, Alhamis ki yi siyayya ki yanka kayan fondan, Juma'a ki gasa, Asabar bayan sallar asuba ki yi ado tun gari da sanyi. Wannan tsarin shi ne rabin aikin wallahi.

Siyayya

Na kek ɗin kansa: fulawa giram 500, bota giram 500, suga giram 400, ƙwai 10 matsakaita, bekin foda cokalin cin abinci 1, madara ta ruwa kamar rabin kofi, filebo na banila cokalin shayi 2, gyaɗar ƙamshi rabin cokalin shayi a goge, da ɗan gishiri. Masu kek da yawa suga 500 suke sawa daidai da fulawa, ni nakan rage tunda ga kirim zai hau kai, yara kuma ga alewa ga lemo. Dan Allah ki nemi sikeli ƙarami na kicin. Awo da gwangwani ya yi a tuwo da waina, a kek kuwa gwangwanin yau ba na gobe ba ne, wata ta danna fulawa wata ta zuba sama-sama. In babu sikeli sam, kofin awo ɗaya na fulawa wajen giram 125 ne, na suga wajen 200, kinga kenan fulawa kofi 4, suga kofi 2.

Botar da nake nufi ita ce wadda masu kek suke amfani da ita, irin su Simas ko Blue Band ta gashi. Bota ta asali ta madarar shanu ta fi daɗi, babu musu, amma ba ta jure zafi, ga tsada. A cikin kek za ki iya yin rabi da rabi in aljihu ya yarda, a kirim na waje kam ki tsaya a kan ta masu kek.

Na ado: aisin suga kilo ɗaya da ɗan ƙari, wata botar giram 350, kala ruwan ɗorawa irin mai kalar ƙwanduwa, baƙar kala, 'yar ja da shuɗiya kaɗan, garin cakulet, biskit mai zagaye baƙi irin Oreo na taya, Smarties na fitila, katakon ɗora kek mai kauri da kwalin sawa. Kala ki sayi mai kauri irin ta jel, ta ruwa tana sake kirim. Shagunan kayan kek suna nan a kusan kowace babbar kasuwa, in kuma kin shiga Eko toh Oke-Arin akwai kaya, sai dai ki lissafa kuɗin mota da gosulo kafin ki ce kin samu araha. Ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, musamman bekin foda, don in ya tsufa kek ɗinki ba zai tashi ba ko kin yi masa addu'a. Gwajinsa ba wuya, ki zuba ɗan kaɗan a ruwan zafi, in ya yi kumfa nan take yana da rai.

Wani abu da ya shafe mu musamman. Jelatin da ake fondan da shi daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, akwai na shanu, akwai na kifi, akwai na alade, don haka ki karanta jikin kwalin ko ki nemi mai tambarin halal. Haka ma alewar nan mai laushi kamar auduga da wasu ke narkawa su yi fondan, ita ma da jelatin a ciki. Sannan in wata rana sayen kek za ki yi a wajen mai yi, ki tambaya kai tsaye ko tana zuba giya, don wasu masu kek a nan suna zubawa saboda ƙamshi da kuma ya daɗe bai lalace ba, kuma a wajensu ba wani abu ba ne da sai sun faɗa miki.

Alhamis da dare: fondan

Ba za mu lulluɓe motar da fondan ba, a wannan garin neman magana ne, kuma yara ɓare shi suke su yar. Kirim ne zai zama fenti, fondan kuwa na tagogi, layi, lamba da bamba kawai. In kin samu baƙi na sayarwa ki sayi ƙaramin ƙulli ki huta. In yi za ki yi, jelatin cokalin shayi ɗaya da rabi ki jiƙa a ruwa cokalin cin abinci 2 ya kumbura minti 5, ki ɗora kofin a cikin ruwan zafi ya narke, kar ya tafasa, ki zuba gilukos na ruwa mai kauri irin na masu kek cokalin cin abinci 4 da giliserin na abinci cokalin shayi ɗaya da rabi, ki juya, sai ki juye a tsakiyar aisin suga giram 450 da kika tankaɗe, ki murza kamar kwaɓin cincin har ya daina kama hannu. Rabin cokalin shayi na CMC, wani farin gari da masu kek ke sawa don fondan ya yi ƙarfi, yana taimaka masa ya tsaya a wannan danshin namu. Zai yi yawa ma, ragowar ki ƙulle a leda.

Ki raba, kaso babba ki yi baƙi, kaɗan ki bar fari. Sirrin baƙi shi ne ki fara murza garin cakulet ya yi duhu tukun sannan ki ɗiga baƙar kala, in ba haka ba za ki ƙarar da kwalba guda ki samu ruwan toka mai ɗaci. Ki murza shi da faɗi da kwalba ko muburgin fulawa, ki yanka tagogi: uku ko huɗu na kowane gefe, babban gilashin gaba ɗaya, na baya ɗaya. Ki yanka farin allon lamba biyu. Ki jera su a faranti da kika barbaɗa wa garin masara na kwali, ki sa a gaban fanka su sha iska. Layukan jiki kar ki yanka yanzu, in sun bushe karyewa za su yi a kwana.

Juma'a: kwaɓi da gashi

Kwanon da na yi amfani da shi mai kusurwa huɗu ne, inci 9 da inci 13, zurfinsa ya kai inci 3. Ki shafe shi da bota, ki shimfiɗa takardar gashi a ƙasa, in babu ki barbaɗa fulawa ki kakkaɓe. Ki kunna obin tun kafin ki fara kwaɓi, digiri 160, in na gas ne mai lamba toh lamba 3.

Ƙwai ki fito da su daga firij da wuri su huce. Kowanne ki fasa a ƙaramin kofi daban kafin ya shiga sauran, baragurbi ɗaya ya isa ya ja miki asarar kwaɓi guda, kuma ƙwan da ya sha rana a bakin titi ba a shaidarsa da ido. In kina shakka ki sa shi a ruwa, wanda ya taso sama ki yar.

Sai bota da suga a roba mai faɗi. Nan ne wajen da ya kamata ki daɗe, kuma nan ne mafi yawanmu muke gaggawa. Ki buga har kalar ta koɗe ta koma kusan fari, ya yi sakayau kamar auduga, in kin murza a yatsa sugan ya kusa ɓacewa. Da mikisa minti 6 zuwa 8 ne, da muciya kuwa ki ba shi minti 20 zuwa 30, ki zauna a kujera 'yar tsugunno ki riƙe robar da ƙafa, in hannu ya gaji ki kira babbar yarinya ta karɓe ki. Iskar da kike kamawa a wannan bugun ita ce laushin kek ɗin, bekin foda taimako kawai yake. Ranar da na yi nawa babu wuta, da muciya muka yi ni da 'yata muna karɓeɓeniya, kuma ya fito lafiya lau, don haka rashin mikisa ba uzuri ba ne.

Ƙwai su shiga bibbiyu, kina bugawa tsakani har su ɓace. In kin ga kwaɓin ya tsinke kamar nono ya yi tsami kar ki tsorata, cokali ɗaya na fulawar ki zuba zai haɗe. Ki sa filebo. Fulawa, bekin foda, gyaɗar ƙamshi da gishiri ki tankaɗe su tare a rariya, ki zuba kashi uku kina sirkawa da madara, fulawa, madara, fulawa, madara, fulawa. Daga nan ki ajiye mikisa, da ludayin katako ko na roba za ki riƙa juyowa daga ƙasa a hankali, da zarar farin fulawa ya ɓace ki tsaya. In kika ci gaba da tuƙa shi kamar tuwo zai yi tauri. Kwaɓi mai kyau in kin ɗebo a ludayi kika karkata zai faɗo da kansa a dunƙule, ba ya tsiyaya ba ya kuma maƙalewa.

Ki juye a kwano kar ya wuce kashi biyu cikin uku, ki baje, tsakiyar ki ɗan kwarfe ta don kar ya yi tozo, ki buga kwanon a ƙasa sau biyu. Tsakiyar obin zai zauna. Minti 35 na farko kar ki buɗe, ko ƙamshi ya cika layinku, in iska ta shiga tsakiyar zai rufta. Yakan ɗauki minti 50 zuwa awa ɗaya da 'yan kai, ya danganta da obin ɗinki. Ki soka tsinken tsire a tsakiya, in ya fito a bushe ya yi. In sama ya yi ja ciki bai nuna ba ki rufa masa takardar foyil ki rage wuta. Obin ɗin gas da yawa ƙasa suke ƙonawa, maganinsa tire na yashi ko gishiri a can ƙasa.

Wadda ba ta da obin, tukunya da yashi ta wadatar, iyayenmu da ita suka yi. Babbar tukunya, yashi mai tsafta kaurin yatsa biyu, ki rufe ki bar shi ya yi zafi minti 15, ki jera gwangwanaye ko duwatsu ƙanana ki ɗora kwanon a kai don kar ya taɓa yashin, wuta can ƙasa-ƙasa. Babban kwano ba zai shiga ba, sai ki yi amfani da kwanon burodi guda biyu, wanda ma ya fi kama da danfon. In ɗaya bayan ɗaya za ki gasa toh ki raba kayan biyu ki kwaɓa kowanne lokacinsa, kwaɓi ba ya son jira.

In ya fito ki bar shi minti 15 a kwano, ki kife, ya huce sarai, sarai fa nake nufi, har tsakiyar. Ki naɗe da ledar abinci ki sa a firij. In babu wuta ki sa a roba mai murfi ki ɗora a kan wani abu a tsakiyar tire mai ruwa, don kiyashin Legas ba ya barci.

Asabar da asuba: sassaƙa

Kek mai sanyi da ya kwana shi ke yankuwa ba ya marmashewa. Da wuƙar burodi mai haƙora ki share tozon sama ya yi daidai. Ki raba shi biyu ta tsawo, za ki samu dogaye biyu, kowanne faɗin inci 4 da rabi. Ki rage tsawon ya dawo wajen inci 11, guntayen ki ajiye, suna da aiki. Yawancin danfo Volkswagen ce irin ta da, tsawonta ya ninka faɗinta kamar sau biyu da rabi, tsayi da faɗi kuma kusan ɗaya, in kin kiyaye wannan ko ba ki yi ado ba yaro zai gane motarsa.

Yanzu kirim. Bota giram 350 ki buga ita kaɗai har ta yi haske, ki riƙa zuba aisin suga giram 700 da kika tankaɗe kaɗan-kaɗan, ki rufa tawul a bakin robar in ba so kike ki fito kamar wadda ta je niƙa ba. Filebo, ɗan gishiri, madara cokali 1 ko 2 in ya yi tauri. A nan gara ya ɗan yi tauri da ya yi ruwa. Ki ɗebi kamar cokali 5 ki ajiye gefe, na farin ado da na titin da za ki yi a kan katako, sauran ki sa kala da bakin tsinke kaɗan-kaɗan. Ruwan ɗorawar danfo mai kauri ce, tana ɗan karkata zuwa ruwan lemo, don haka ɗigon ja ƙanƙani kamar kan allura yana gyara ta. Ki tsaya kafin ta kai yadda kike so, kala tana ƙara nuna in ta zauna.

Ki shafa ɗan kirim a kan katako ya zama gam, ki ɗora na farko, ki shafa kirim kaurin rabin yatsa, ki kifa na biyu yadda gefen da ya kwanta a kwano zai dawo sama, shi ya fi santsi. Sai gaban mota: daga sama ki shiga ciki kamar inci ɗaya, ki yanko a karkace ki tsaya a rabin tsayi, wajen gilashi kenan. Kusurwoyin ki ɗan goge kaifinsu. In wani waje ya ɓalle ki murje guntun kek da kirim ki cike ramin kamar mai gyaran fanel.

Shafi biyu ake yi, kamar filasta da fenti. Na farko siriri, aikinsa kawai ya kame ɓurɓushi, zai yi muni, ki ƙyale shi. Firij minti 20 zuwa 30 har in kin taɓa ba ya kama yatsa. In babu wuta toh gaban fanka mai caji, ko kusa da kula mai ƙanƙara, ki ƙara masa lokaci. Sannan na biyu mai kauri, ki fara da sama, ki gangaro gefe, ki share da wuƙa marar haƙora ko katin roba mai tsafta, ki riƙa tsoma wuƙar a ruwan ɗumi kina gogewa da tawul, za ki ga yana kwanciya. Kar ki kwana a nan kina neman santsin gilashi. Danfo ce.

Ado

Ki mayar da shi firij ya sake kamewa kafin baƙi ya taɓa shi, don baƙin fondan a kan kirim mai laushi zuba yake, sai ki ga ruwan ɗorawar ta yi dabbare-dabbare. Ki fara da tagogi, ki manna a rabin sama, ki bar tazara daidai tsakaninsu. Ƙasan tagogi sai layi biyu baƙaƙe, yanzu za ki murza fondan ɗin ki yanka da rula, faɗin kowanne bai kai santimita ɗaya ba, ki naɗe a yatsa ki riƙa warwarewa a jikin motar. Kafin ki manna ki ja layi da tsinke ki ga ya miƙe. In fondan ya gagare ki gaba ɗaya, baƙin kirim a leda mai kauri ki yanke kusurwa ki matsa, tagogi kuma ki yi da ɓallin cakulet.

Taya huɗu, biskit, ki ɗan kwarfe wajen zamansu da cokali ki tura su ciki, ɗigon farin kirim a tsakiya. Su ne na ƙarshe da za ki sa, biskit yana jiƙa a wannan iskar cikin 'yan awanni. Fitilun gaba Smarties masu haske, na baya jajaye. Bamba ki mulmula baƙin fondan kamar igiya ki kwantar gaba da baya.

Lamba ita ce ta fi burge manya. Motar haya a Najeriya rubutun lambarta ja ne a kan fari, ta gida shuɗi, toh na bi wannan, na rubuta GGE irin ta Agege, sai 05 shekarunsa, sai harufan farko na sunansa. Da tsinken sakace da jar kala na rubuta. A saman gilashin gaba na sa sunansa cikakke, a gefe kuma "Agege – Oshodi". Maƙwabciyata Bayarabiya da ta leƙo ta gani sai da ta tafa hannu, ta ce saura kwandasta. Na ce Iya ai kwandastan shi ne mai kek ɗin. Ni dai ba na yin mutum-mutumi da fondan, in kina so ki maƙala ɗan abin wasa na roba da kika wanke.

Guntayen nan da muka ajiye, ki yanka ɗaya ɗan murabba'i ki shafe da farin kirim, ki ja layukan ja da shuɗi a giciye ya zama jakar gana-mas-go, ki jingina ta a bayan mota kamar kayan da but ya kasa rufewa a kansu. Katakon kuma ki shafe da kirim ɗin da kika ajiye bayan kin mayar da shi ruwan toka, farin layi a tsakiya, gefe ki barbaɗa dakakken biskit ya zama ƙasa. Babansu ya ce titin ya yi kyau da yawa, ba na unguwarmu ba ne, sai na kwarfe rami biyu da cokali.

Ajiya da ɗauka

In firij zai koma ki sa shi cikin kwalinsa ki rufe, kwalin ne zai sha danshin. In kin fito da shi za ki ga ya yi zufa, kar ki goge, kar ki taɓa, ki bar shi gaban fanka minti 30 zai bushe da kansa, in kika sa tishu baƙin nan zai bi ko'ina. Kar ki kai shi waje ƙarƙashin kanofi sai lokacin yanka ya yi.

In ba a gida ne taron ba, toh ki yi tunani sau biyu. Keke da kek ba sa shiri. Mota mai sanyi, a ƙasa wajen ajiye ƙafa inda yake a shimfiɗe, da tawul a ƙarƙashin kwalin don kar ya zame. Kujera a karkace take, cinya kuma ɗumi gare ta. Ki fita da sassafe kafin hanya ta cushe, awa biyu a gosulo da rana tsaka ba abin da zai isa sai labari. Ki tafi da ragowar kirim a leda da wuƙa, taya kuma ki manna a can.

Wajen yanka, in kin soka tsinke a wani wuri ki ƙirga su ki cire duka, Smarties kuma ki kawar daga gaban ƙananan da ba su kai shekara 3 ba saboda shaƙewa, ki kuma tambayi iyaye in akwai yaron da ƙwai ko madara ke ba matsala. Ki fara yanka daga baya, kaurin inci ɗaya, kowane yanka ki raba biyu, zai ba ki wajen 22, gaban motar da lambar ki bar wa mai ita har ƙarshe. Kuma ki ɓoye fakitin biskit guda a ɗaki, don taya huɗu ce yara kuma sun fi ashirin, nawa taron saura kaɗan a daku a kan tayar baya.